Rabin Amsar da Muka Kawo Gida

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata, Hajiya Rabi, mai ɗinkin zannuwan gado a Tudun Wadar Zariya. Kullum da kewa nake tuna ta. Bana kuwa da faɗuwar gaba.

Ta daɗe da daina al'ada sai jini ya dawo mata, ɗan ɗigo-ɗigo. Dariya muka yi, har da tsokanar wai Yaya ta koma budurwa. Ita abu ɗaya ya dame ta: ta yi salla ko ta dakata? Muka je wurin malamarmu ta Islamiyya, ta ce jinin ciwo ne, ta riƙa yin tsarki tana sallarta, amma lalle ta ga likita. Rabin farko na amsar muka kawo gida.

Wuƙa Yaya take tsoro. Ta ga yadda aka farke cikin mahaifiyarmu a asibiti, ta rantse ita ba za a yi mata haka ba. Sai da ciwo ya kayar da ita muka kai ta. Aka ce ciwon daji ne a mahaifa, kuma ya riga ya bazu.

Watan jiya ni ma, da na daɗe da daina al'ada, na ga irin ɗigon nan a zanena. Na tashi na tafi asibiti.

Likitar da ta duba ni ta ce hoto ya nuna ɗan tsiro. Za a zura siririn bututu mai kyamara ta gaba har cikin mahaifa, a gani a allo, a cire tsiron a kai gwaji. Babu yanka, babu ɗinki, wataƙila ma a gida zan kwana.

Da Yaya tana nan, na san sai ta taɓe baki ta ce, "Oh ni Rabi! Yanzu har cikin mutum ake haskawa a talabijin?" Amma da ta ji babu wuƙa, ina jin da ta yarda. Ko a lokacinta ana irin wannan aikin a Zariya? Ban sani ba, ba mu taɓa tambaya ba.

Keken ɗinkinta yana wurin 'yarta Safiya. Ni tsoro na gada. Yaya tsoro ya zaunar da ita a gida, ni kuma tsoron irin mutuwarta ke kora ni asibiti. Ranar Talata Safiya za ta raka ni.

Allah Ya jiƙan Yaya. Ni ma ku sa ni a addu'a, don ban san abin da kyamarar za ta gani ba.