Injin da Na Saurara da Haƙorana

Ko tsufa zai kwashe mini abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ba na jin zai iya kwashe ranar da na ciji sukundireba a wani gareji a Dubai, ni da furfurata, hawaye na ɗiga a kan inji.

Ni bakanike ne, a Kano na koyi aiki tun mota ba ta san kwamfuta ba. Abin da ya kawo ni Dubai kuwa kunnena ne. Garejin da ya ɗauke ni ba ruwansa da sabbin motoci. Aikinmu tsofaffin motocin Amurka ne, masu silinda takwas da dogon bonet, waɗanda in an tayar da su sai ka ji ƙasa na rawa. Larabawa na mutuwar son su. Mukan sauke injin, mu warware shi kaf, mu sa sabbin fistin da bawul, mu ƙara masa ƙarfi, sannan a zo kan saiti. To, saitin nan shi ne nawa. Irin waɗannan injina da kafireta suke aiki, babu inda za ka soka waya su gaya maka ciwonsu, sai dai ka tsaya ka saurara. Ni kuwa, ba yabon kai ba, tun daga bakin ƙofa nakan faɗi fulogin da ba ya ba da wuta.

Sai dai kunnen ɗaya ne tal. Na hagu ya mutu tun ina yaro, na daman ne ke ciyar da iyalina a Kano. Rannan na sunkuya kusa da salansar wata mota, ta buga kamar bindiga, nan take duniya ta yi mini shiru. Likita ya ce dodon kunnen ne ya fashe, mai yiwuwa ya warke, mai yiwuwa ya ƙi, sai dai jira. Magana ina jin ta in an matso an ɗaga murya, amma inji ya koma mini guuu kawai, kamar na tsoma kaina cikin randa.

Ana cikin haka aka gama haɗa injin wani dattijo mai gona a Hatta, wani gari can cikin duwatsu, motar samartakarsa ce da ta daɗe a kwance. Arbab, wato mai garejinmu, mutumin kirki ne, amma kasuwanci yake yi. Ya ja ni gefe, ya dafa kafaɗata, ya ce da ƙarfi, "Habibi, gwada wannan. In ba zai yiwu ba, khalas, shi ke nan, kada ka wahalar da kanka, sai mu nemo wani." Na gane karatun sarai. A ƙasar nan in aiki ya tafi, biza binsa take yi.

Na wuni ina murɗa kafireta a makance. In na murɗa nan injin ya kama kakkarwa, in na mayar can ya turnuƙe mu da baƙin hayaƙi. Wallahi tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Da na koma ɗakinmu a unguwar International City, akwatina da ke saman kabad na yi ta kallo, ina tunanin abin da zan ce wa maiɗakina.

Abokin zamana a ɗakin wani Badamagare ne, mai walda a garejin namu, ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ce masa Yaya. Tsokanar Bakano ita ce abincinsa. Washegari da rana muna zaune a inuwa ya ga ban taɓa abincina ba, sai ya matso ta ɓangaren kunnen dama.

"Bakano, yau kuma shinkafar ce ta yi maka laifi?"

"Yaya, bar ni kawai. Gida zan koma."

Har lokacin ban gaya wa kowa yadda abin ya kai ba, kullum "da sauƙi" nake cewa. Amma ranar na gaji da ɓoyo, na zayyana masa komai, na ce injin nan ba na jin sa sam. Ya sosa gemu, ya ce da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon. Babana injin niƙa ya yi wa hidima a Damagaram har ya kurmance. Kiran salla ma ba ya ji, amma in injin ya fara ciwo shi ke fara sani. Wata sanda yake samu ya ciji bakinta ɗaya, ya dafa ɗaya bakin a jikin injin."

Haushi ya kama ni. Na ce, "Wato ina cikin wannan hali, kai kare za ka mayar da ni mai gwaguyar ƙashi?"

Ya ce, "Ku Kanawa dama bakinku bai taɓa hutawa ba. Yau dai a sa shi aiki mai amfani. Yalla, tashi."

Don kada in yi wa babba musu na tashi, ba don na yarda ba. Ya zaro wani dogon sukundireba mai mariƙin katako, ya goge shi da gefen rigarsa, ya tayar da motar, sannan ya zagayo ya riƙe rigata ta baya kada fankar injin ta ja ni. Na ɗora bakin ƙarfen a kan murfin bawul, na runtse ido, na ciji katakon.

Jama'a, sai ga injin a cikin kaina. Ta haƙora ya shigo, ya bi muƙamuƙi ya hau, tar da shi, kowace silinda da bugunta. Nan hawaye suka ɓalle mini, ban ma sani ba. Na riƙa matsar da sukundireban kaɗan-kaɗan, har na iso wani wuri a ɓangaren dama inda na ji tak-tak-tak ƙarami yana saɓa wa 'yan'uwansa. Bawul ɗaya ne ya yi sako-sako, shi ya hana kafiretar karɓar saiti duk murɗar da nake yi. Muka kashe, na buɗe na gyara shi, muka sake tayarwa. Na koma kan kafireta, baki na cizo, hannu na murɗawa shuwayya-shuwayya, wato a hankali, har bugun ya daidaita. Abokan aikinmu 'yan Pakistan da suka taru suna dariya, da na ɗago kai na tarar sun bar dariyar sun matso suna leƙe. Arbab ya zo ya ɗora kofin shayinsa a kan injin, kamar yadda ya saba gwada aikina. Shayin ya yi ta rawa a hankali, ko ɗigo bai zube ba. Ya ɗauki abinsa ya kurɓa, ya ce ran Asabar ni zan raka shi mu kai motar.

Muka kama hanyar Hatta, Arbab na tuƙi, ina gefensa, Yaya a baya ya dunƙule ƙafafu yana mita. Da muka fara hawan duwatsu aka taka totur, na ji ƙarfin injin ta bayana da tafin ƙafata, bai yi tari ko sau ɗaya ba. Dattijon na tsaye a bakin gonarsa ƙarƙashin dabino. Bai bari an kashe ba, ya dafa bonet ya rufe ido ya daɗe, sannan ya faɗi wani abu a hankali.

Na taɓa Yaya na ce, "Me ya ce?"

Ya sa baki a kunnena ya ce, "Wai muryarta ce ta da. Kai kaɗai ne a nan ba ka ji ba, kuma kai ka dawo da ita."

Daga baya kunnen ya dawo rabi-rabi, na gode Allah, har yau kuma ina garejin. Abin da na koya shi ne, in abu ya fi ƙarfinka ka buɗe baki ka faɗa wa na kusa da kai, ka bar cewa "da sauƙi" alhali babu sauƙin. Shekara da shekaru maganina na kwana a gadon da ke gefen nawa yana munshari, kuma saura ƙiris in ɗaure akwati ban tambaye shi ba. Sukundireban yana nan a aljihun rigar aikina. Duk wanda ya ga shatin haƙora a mariƙinsa ya tambaya, nakan ce masa kunnena ne, kada ya taɓa.