Farar Rigar Majo da Lambarsa

A shagona na gyaran injin ban-ruwa a Madawa akwai wani tsohon gwangwanin madara da ba na yarda kowa ya taɓa. Masu albasa da ke kawo mini aiki suna zaton kusoshi ne a ciki. Lambobi ne na ma'aikatan gidan likita na da, irin na ƙarfe da ake maƙalawa a ƙirji, da maɓallan riga, da 'yan agogon da suka daɗe da tsayawa. Ni da ko jinin kaza na gani sai kaina ya juya, ban taɓa zaton zan zama mai ajiyar irin waɗannan kaya ba. Bazarar da Inna ta daina cin abinci ce ta jawo.

Tsufa ya riga ya taɓa mata kai tun kafin nan. Takan kira ƙanwata da sunan wata yayarta da ta rasu muna yara, takan share tsakar gida ta sake sharewa. Duk wannan mun iya zama da shi. Amma ranar da ta rufe ƙwaryar fura da faifai ta ture gefe, ta ture tuwon yamma, ta ture kunun washegari, sai na san abin ya wuce wasa.

"Inna, ki sha ko ludayi guda," in ji ƙanwata.

"Ba ni sha. Majo bai komo ba."

Majo babanmu ne. Haka ake kiran babban ma'aikacin gidan likita na ƙauye a wajenmu, haka ita ma take kiransa, tunda ba ta faɗin sunan miji. Ya yi aiki a Keita, ya yi a Buza, ya ƙare a Urno, kuma a lokacin ya daɗe da rasuwa har kabarinsa ya daidaita da ƙasa. Mun gaya mata gaskiya sau ɗaya. Ta yi kuka kamar a ranar aka yi rasuwar, ta yi barci, ta farka ta ce a kai masa ruwan wanka. Daga nan na hana kowa sake faɗa mata.

Ni ne ɗan fari, saboda haka tun ina yaro akwai kunya tsakaninmu. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona, in za ta yi maganata sai ta ce "yaron nan", ga ni da furfura a gemu. Ƙanwata tana iya zama bakin gadonta ta lallashe ta, ni kuwa ina shiga za ta juya fuska bango. Da na rasa abin yi sai na koma tsakar gida ina faɗa. Na yi wa matata faɗa a kan furar ta yi tsami, na yi wa ƙanwata faɗa a kan ba ta iya rarrashi ba, har awaki sun samu rabonsu.

Mun kai ta asibiti aka sa mata ƙarin ruwa, ta fizge allurar. Aka sake sawa, ta sake fizgewa. Ma'aikaciyar da ke duba ta ta ja ni gefe ta ce ba za a rayu da ƙarin ruwa ba, kuma da wannan zafin, in tsohuwa ba ta ci da bakinta ba, to mu yawaita addu'a. Muka dawo gida. Ruwan da take kurkure baki da shi wajen alwala ne kawai yake ɗan wucewa maƙogwaronta. Awarwaron da ya shekara da shekaru a wuyan hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Ina gani uwata tana ƙarewa a gabana, ga hatsi cike da rumbu.

Ƙanwata ce ta kawo shawara. "Yaya, kai da Baba awa an tsaga kara. In ka sa kayan aikinshi ka ce mata ta sha, sha za ta yi. Wa ka taɓa gani ya musa ma Baba in yac ce a haɗiye magani?"

Na ce wannan wasan yara ne, kuma ban san hukuncinsa wajen Allah ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Na ari kayan aiki wajen wani maƙwabcinmu ma'aikacin likita, irin na yanzu, shuɗiyar riga mai gajeren hannu da wandonta. Na shiga ɗakin. Inna ta dube ni ta wutsiyar ido ta ce wa ƙanwata, "Wanga bakanike mi shika biɗa?" Duk ruɗewar da ta yi, ba ta manta da sana'ata ba. Ta ce Majo farar riga yake sawa har gwiwa, da lamba a ƙirji, da agogo, mu daina kawo mata 'yan tasha.

Ga inda gizo ke saƙar: kayan nan ita da kanta ta rabar da su sadaka bayan addu'ar arba'in, don lada ta riƙa isa gare shi. Rigar tana Karofane wajen wani wanzami, ɗan'uwan babanmu na nesa. Lamba da agogo suna Keita wajen tsohon abokin aikinsa. Kuma a wajenmu sadaka ba ta komawa gidan da ta fito. Wanda ya je neman abin da aka bayar don mamaci, ya zubar da mutuncin gidansu da na mamacin gaba ɗaya. Na san haka sarai lokacin da na tayar da babur.

Hanyar Karofane duwatsu ne da kwazazzabai, rana kuma tana dukan ƙeya. Na sami wanzamin a ƙarƙashin bishiyar bedi yana wasa aska. Muka gaisa, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya ajiye askar.

"Ɗan Majo, sadaka kaka son in maido? Ko shekarar yunwa ba a yi haka ba."

Ban san lokacin da na sauka daga tabarma na durƙusa a ƙasa ba. Na ce, "Baba, Inna ta. Ta bar cin abinci, ta ce sai Majo ya komo. In ka hana ni, ban san inda za ni ba."

Ya tashi ya shiga ciki ya fito da rigar a ninke. Ta yi ja-ja-ja don tsufa, da ɗigon jinin ƙaho a hannu, da faci a aljihu, don ashe ita yake sawa ranar kasuwa in zai yi aiki. Ya ce, "Aro na ba ka, ka jiya? Aro. Sadaka tana nan inda anka aje ta, ladar Majo ba ta motsa ba." Na karɓa da hannu biyu, na kasa yi masa godiyar kirki.

Ban koma gida ba, na miƙe Keita. A hanya ƙanwata ta kira ni ta ce Inna ta kasa tashi yin salla, a kwance ta yi ta da ishara. Ta ce in yi sauri. Na ce mata babur ne ba jirgi ba, na kashe wayar, na yi tafiya mai nisa hawaye suna bushewa a fuskata kafin su kai gemu.

Abokin babana ya makance. Da ya ji muryata sai ya ce in sake sallama, don ya ji kamar abokinsa ne ya shigo. Na ba shi labari a gurguje. Ya sa aka ɗauko masa gwangwanin madara, wannan da ya bar mini daga baya yake shagona yanzu, ya zazzage shi a kan buzu. In tsohon ma'aikaci ya rasu, iyalansa ba su san abin da za su yi da lambarsa ba, sai su kawo masa. Wasu jan fentinsu ya ɓare, wasu da hoton maciji naɗe da sanda, wasu allurarsu ta karye. Ya fara ɗauka ɗaya-ɗaya yana shafawa da yatsa. Wannan ta wata ungozoma ce da ta karɓi haihuwar rabin garin. Wannan ta wani ne da ya yi yawon rigakafi a kan raƙumi. Ni kuwa ina zaune kamar a kan garwashi, zuciyata tana cewa in wawuri kowace ce in gudu, ai Inna ba za ta bambance ba.

"Baba, kowace ma ta yi," na ce.

"Ba ta yi ba. Matar da tac cire ta ga riga duk ranar wanki, ita za ka ruɗa?"

Ya ci gaba da lalube har ya tsaya a kan wata mai ɗan lotsawa a gefe. Ya kama yatsana ya ɗora a wurin. "Ka ji wanga? Haƙoranka na. Kana goye ka ciza ta, ubanka bai yarda anka gyara ba."

Ya sa na sa rigar na tsaya a gabansa. Da lalube ya maƙala mini lambar a saman aljihun hagu, ya rataya agogon a gefenta, kansa a ƙasa yadda mai shi zai duba in yana riƙe da hannun majinyaci. Agogon ba ya tafiya. Ya ce ba komai, ita ma ai ba ta tafiya da lokacinmu. Ya ce kada in yi surutu, babana ba mai yawan magana ba ne, gyaran murya kawai yake yi a bakin ƙofa.

Washegari da hantsi na iso Madawa. Ƙanwata ta wanke rigar ta sa mata bula don farinta ya fito, zafin rana ya busar da ita kafin in gama kankare baƙin mai daga faratana. Aka dama sabuwar fura aka kai ɗakin, Inna ta rufe ta da faifai kamar kullum. Na tsaya a bakin ƙofa, na yi gyaran murya.

Matar da ta kasa ɗaga kai jiya ta yunƙura ta jingina da bango. Ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska. Idonta ya sauka a kan lambar, ya daɗe a wurin.

"Sannu da komowa. Ka daɗe."

Daɗi ya kama ni. Na durƙusa na buɗe ƙwaryar, na cika ludayi na miƙa mata, na ce da muryar babana, "Sha."

Ta kawar da kai, ta yi 'yar dariya a cikin mayafi. "Haba Majo. Gabanka? Yaushe ka taɓa ganin na sa abu baki gabanka?"

Na sake cewa ta sha. Ta sake kawar da kai. A nan ne na ji ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Na keta ƙasar Adar da babur, na durƙusa na roƙi sadakar mamaci, na sa rigar ubana na yi wa uwata ƙarya, ashe duk na ƙara mata dalilin ƙin ci ne. Ban taɓa ganin yadda suke cin abinci ba, mu maza a zaure ake kai mana kwano. Faɗa ya taso mini har wuya, na danne shi da ƙyar, don Majo ba ya faɗa.

Sai ta sa yatsu biyu ta turo ƙwaryar gabana. "Kai za ka sha, ka sha rana. Kullum sai na aje ma, ba ka zakuwa."

Na dubi faifan da take rufe abinci da shi duk kwanakin nan, sai yanzu na gane ajiya take yi. Na ɗauki ludayin na sha, tana kallon hannuna ta ƙasan mayafi. Da na kai rabi na kasa ci gaba. Na ajiye na ce alhamdu lillahi, na tashi na fita, don kada ta ga Majo yana kuka.

Na jingina da bangon ɗakin daga waje. Ƙanwata tana leƙe ta jikin asabari, ta ɗaga mini hannu in yi shiru. Can sai na ji ƙarar ludayi yana taɓa ƙwarya. Ya yi shiru, ya sake taɓawa. Ƙanwata ta toshe bakinta da zane, kafaɗunta suna rawa. Inna tana shan ragowar mijinta, yadda ta saba tun kafin a haife mu.

Ba ta shanye ba. Ta kira ƙanwata, wannan karon da sunanta na gaskiya, na ji ta tana cewa a hankali, "Ungo wagga, ki kai ma yaron nan. Kwana biyu ban ji hwaɗanshi ba, halama bai ci komi ba."

Na zagaya bayan rumbu na cire rigar, na ninke ta da lambar a ciki. Ƙanwata ta kawo mini ƙwaryar, saura kamar ludayi uku a gindinta. Na zauna a ƙasa da tsohuwar rigata mai mai, na shanye ta tas.