Fuseni Mai Neman Duhu

Fuseni mai gyaran waya a Sokode ya yi furfura bai ajiye komai ba sai kyamarar taurari. Burinsa ke nan, wai hoton wani jan hayaƙi da Allah ya ajiye can cikin taurari. Fitilun Zongo suka hana shi. Komai gyaransa a kwamfuta, hoton sai ya fito kamar ruwan wanki.

Ya kwashi kaya har Dapaong neman duhu, gidan gwaggonsa Adiza a bakin gari. Ita kuwa da jin mai hoto zai zo, ta aro janareta, ta jera fitilu har kan katanga.

"Gwaggo, a kashe fitilun nan mana."

"Baƙona a duhu? Maƙwabta su ce me? Ga mutane nan, ɗauka."

Hoton jikokinta ya komo da shi.