Gadar da Kawu Ya Zana Ba Daidai Ba

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, tarihi ya karanta a jami'a. Da ya gama bai samu aikin koyarwa ba, sai aka ɗauke shi a ɗakin kati na wani asibiti. Shekara talatin ya yi a bayan wata 'yar taga, yana rubuta sunayen marasa lafiya da garuruwansu. Mama takan tsokane shi ta ce, "Duk karatun nan a kati ka ƙare?" Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai mutane nake karantawa yanzu."

Wata shekara aka kwantar da wata tsohuwa da ta zo daga ƙasa mai nisa don ganin ɗanta, injiniya a kamfanin siminti. Ba ta jin yaren kowa, ɗan kuma sai yamma yake samun zuwa. Kwana biyu ta juya wa bango fuska, ko ruwa da ƙyar take karɓa.

Kawu ne ya cike katinta, kuma ya gane sunan garinsu, don ya taɓa karanta yadda yaƙi ya raba shi biyu. Da lokacin hutun rana ya yi, ya ɗauki wani tsohon kati, ya zana kogi a bayansa, da gada, da kasuwa. Ya je bakin gadonta ya faɗi sunan kogin a hankali.

Tsohuwar ta juyo. Ta daɗe tana kallon zanen, sannan ta karɓi biron ta soke gadar, ta mayar da ita can ƙasa. Ta ƙara wani ɗan gida a gefe, ta dafa ƙirjinta. Sai ta miƙa masa biron tana nuna shi, wato shi ma ya zana nasu. Ranar ta ci abinci.

Da yamma ɗan ya leƙo ta tagar ɗakin kati. "Malam, ta ce a gaya maka ba ka iya zane ba," in ji shi, "amma gobe ka dawo."

Tun daga nan, duk baƙon da ya rasa abokin magana, Kawu ake kira. Yanzu ya yi ritaya, sai dai duk Talata yana komawa asibitin. Gaisuwa yake koyo a yare na tara, matarsa kuma ta ce ta gaji da amsa gaisuwar da ba ta san ma'anarta ba.