Anti Binta, Wa Kika Kira?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tsaye gaban allo ina rubuta wa 'yan ajina darasi, waya ta dinga kuka a jaka. Na ƙyale ta, ta sake. Da na ɗauka sai na ji Maman Halifa, maƙwabciyar Anti Binta, tana kuka ta kasa haɗa magana. Da ƙyar ta ce, "Rabi, Barista ta rasu. Wajen haihuwa."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Yara suka yi cirko-cirko suna kallona.

Anti Binta ta rasu. Na rubuta, na karanta, har yanzu bai shiga kaina ba.

Da yawanku ba ku san yadda muka haɗu ba. Ba dangi ba ne, ba makaranta ba ce. Shirin talabijin ne ya haɗa mu, wannan na lauyoyi da kotu da ake sakawa duk mako, wanda a da in an fara shi ko tsakar gida ba ka jin motsi. Muna da guruf a waya na masu kallonsa, yawancinmu 'yan Birnin Kudu da Gwaram. Aikinmu ɗaya ne, musu. Kowa ya yarda shirin ya lalace, amma yaushe ya lalace, nan ake yin ta.

Maman Halifa ta ce tun da aka cire tsohon alƙalin nan mai magana a hankali aka kawo mai tsawa, ita ta sallama. Ɗanlami direba ya ce a'a, ranar da aka nuna lauya tana tsakiyar kare mai laifi ta tsaya ta kurɓi lemon kwalba saboda talla, ranar ya kashe talabijin ɗinsa. Ni kuma na kafe a kan zango na uku. Na ce tunda aka haɗa lauyar da wani attajiri aka koma soyayya da ankon biki, kotu ta zama wurin ɗaukar hoto.

Wata mata a guruf ɗin ba ta cika magana ba. Ran nan sai ta rubuto:

"Duk ba nan ba ne. Shirin ya mutu ne ranar da lauyar ta daina faɗuwa a shari'a. A zangon farko tana faɗuwa, ta koma mota ta yi kuka, gobe ta dawo. Yanzu duk mako sai wani ya banko ƙofa da shaida ana dab da yanke hukunci. Babu kotun da ake haka."

Ni da bakina na ce mata, "Hajiya, ke kuma me kika sani game da kotu?"

Ta turo hoton dariya kawai. Maman Halifa ce ta kira ni a gefe ta ce, "Ke, lauya fa kike faɗa wa haka." Na so ƙasa ta tsage in shige. Na bi lauyar ta waya na ba ta haƙuri, ta ce, "Haba ƙanwata, musu ne fa. Kuma maganarki ta ankon nan gaskiya ce."

Ita ce Binta. Daga nan na koma ce mata Anti.

Sai abin Auwalu ya faru. Auwalu ƙanena ne, shi ke noma gonarmu a Zandam, shi ke riƙe da Innarmu tun rasuwar Baba. Aka yi rikicin iyakar gona tsakanin danginmu da wasu, aka fasa wa wani mutum kai, ya ji ciwo ƙwarai. Da aka zo kame aka haɗa da Auwalu. Wallahi ranar ba ya garin, yana kasuwar Sara ya kai riɗi. Amma wa zai ji? Aka kawo shi aka tsare a gidan yari.

Na daina shiga guruf. Ko abinci ba na iya ci, balle kallo.

Anti Binta kaɗai ta lura. Ta kira ni ta ce, "Malama, an saka shirin jiya, an yi soyayya son rai, ban ga kin zo kin yi faɗa ba. Lafiya kuwa?"

Na fashe da kuka na faɗa mata komai. Ta saurara har na gama, ta ce in jira ta a bakin makaranta in an tashi. Ta zo da 'yar motarta mai ƙara, muka kama hanyar Gwaram, zuwa wajen Innarmu a Zandam.

Innarmu ta ɗauka kamar a shirin ne, domin ita ma tana kallo a wayata in na je gida. Ta riƙe hannun Anti Binta ta ce, "'Yar nan, ai in kika tsaya kika yi musu turancin nan, a ranar za su sako min shi ko?"

Anti Binta ta durƙusa a gabanta. Ta ce, "Inna, ba zan miki ƙarya ba. Abin zai ɗau lokaci, kuma ni na sha faɗuwa a shari'a. Amma ba zan bar Auwalu shi kaɗai ba."

Ba ta bar shi ba.

Duk ziyarar da za ta kai masa sai ta tsaya ta sai masa ƙuli-ƙuli da sabulu. Ta gano yana jin kunyar ya ce mata ƙafarsa na ciwo, ta sa aka duba shi. Da Inna ta kawo mata kazar godiya, karɓa ta yi ta sa aka soya, ta kai wa Auwalu rabi.

Shaidarmu ɗaya ce tak, Baba Ɗanjuma, wani dattijo mai awo a kasuwar Sara. Shi ya auna riɗin Auwalu, tare suka yi sallar azahar ranar. Amma tsoron kotu yake kamar me. Ya ce shi tunda yake bai taɓa tsayawa gaban hukuma ba, kuma ba zai fara da furfura ba. Anti Binta ta dinga zuwa Sara, ga ciki ya fara nauyi, ta zauna a tabarmarsa ana awo tana jiransa. Ba ta matsa masa ba. Hira take masa, ta tambaye shi farashin gero, ta tambayi jikokinsa. Ran nan da kansa ya ce, "To 'yata, in ke za ki tsaya kusa da ni, zan je."

Ta kira ni tun a hanya tana ta murna.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kotu ce, makon jiya. Aka kira ƙarar, aka sake ɗagawa. Na ga Auwalu ana mayar da shi mota, ya rame, ya ɗago min hannu. Muka fito muka zauna a gindin darbejiya. Ƙafafunta sun kumbura har ta cire takalmi ta ajiye a gefe. Na sai mana awara, ta ce a zuba mata yaji da yawa.

Na ce, "Anti, ki huta mana. Haihuwa yau ko gobe."

Ta ce, "Bari dai Baba Ɗanjuma ya yi magana a zama mai zuwa, sai in kwanta in yi ta barci."

Don in sa ta dariya na tambaye ta ko ta ga shirin na wannan makon. Ta ce ta gani, har ta maimaita. Na ce, "Ke da kika ce ya mutu tuntuni?"

Ta juya tsinken awara. Ta ce, "Ya mutu mana. Amma ina son in ga an kama mutum an sake shi kafin a tashi daga shirin, uwarsa ta rungume shi. Na san ƙarya ce, Rabi. Tana min daɗi ne kawai."

Na raka ta mota, ta ce in gaida Inna. Shi ke nan.

Ɗazu na dawo daga gidan. An kai ta makwancinta. Jaririyar tana raye, mace ce, na ɗauke ta, tana ta mutsu-mutsu a zani ba ta san komai ba.

Zan fito sai mijinta, Malam Sani, ya aiko a kira ni zaure. Idonsa ya yi jawur. Ya ce, "Malama Rabi, akwai maganar da ya kamata ki sani. Muna hanyar asibiti, tana cikin ciwo, ta ce in miƙo mata waya. Ta kira wani, na ji tana cewa, don Allah ka riƙe min maganar Auwalu da tsohon nan na Sara, in na kwana biyu ban tashi ba. Daga yadda take magana lauya ne irinta."

Na ce, "Waye, Malam?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Hankalina yana kan titi. Wayar kuma a kulle take, babu wanda ya san lambobin buɗewa."

Mace tana naƙuda, tana tunanin ƙanena.

Na bi lauyoyin da suka zo gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ina jin kunyar kaina, ana zaman makoki ni ina tambayar shari'a. Duk suka ce ba su ba ne. Wani ya ce ƙila a Dutse yake, wani ya ce ƙila Kano. Ita kaɗai ce a ofishinta, babu wanda zan tambaya.

Na kira ɗan Baba Ɗanjuma na faɗa masa. Ya ce tsohon ya yi salati, sannan ya ce, "To ni fa da ita na yi alkawari."

Zaman kotu mako mai zuwa ne.

Auwalu bai sani ba. Inna ba ta sani ba. Ta kira ni da rana tana tambaya ko Barista ta sauka lafiya, ta ce ta daka mata yajin jego. Na ce mata sabis ba kyau, na kashe wayar. Gobe dole in shiga mota in je Zandam, kuma ban san da wane baki zan fara ba.

Don Allah, don girman Allah, in kai ne ta kira, ka yi min magana ta nan. In kin san wani lauya da suke mu'amala da ita, ki tura masa wannan rubutun. 'Yan guruf, ku yaɗa. Ba ni da kowa a wannan harkar, ita ce kawai.

Allah ka jiƙan Binta. Ka yafe mata kurakuranta, ka karɓi shahadarta, ka yalwata mata kabarinta ka haskaka shi. Yadda ta tsaya wa wanda ba shi da mai tsaya masa, Allah ka tsaya mata ranar da babu lauya sai rahamarka. Ka raya abin da ta bari, ka ba Malam Sani da iyayenta haƙuri. Ka fito min da ƙanena.

Duk wanda ya karanta, kada ka wuce ba ka yi mata addu'a ba. Ko Ƙulhuwallahu ce ka karanta mata. In ka gama, ka saka Auwalu da Innarmu.