Nas 'Yar San Fernando da Ƙafata ta Hagu

A shekarun da kuɗin mai ya cika ƙasarmu, nakan zo Landan in sayi motoci da janareto in loda a jirgin ruwa. Wata rana a Dagenham inji ya kuɓuce ya faɗo mini a ƙafar hagu. Na ɗaure da tsumma na ci gaba da harkata. Ranar da aka kwantar da ni a asibiti, yatsu biyu sun yi baƙi suna wari.

Likita ya miƙo takardar tiyata in sa hannu. Ina jin Turancin ciniki, amma ba na karantawa, kuma na sha jin cewa in Bature ya sa maka barci, abin da ya ga dama yake yankewa. Na ƙi. Ya ce in aka kai gobe, sai dai daga gwiwa.

Wata nas baƙar fata, dattijuwa, ta karanta mini: yatsu biyu kawai. Amma ai ma'aikaciyarsu ce. A kasuwa ina da yadda nake gwada mutum, nakan tambaye shi garinsu. Wanda bai ga aibin garinsu ba, zai yaba maka ruɓaɓɓen kaya.

"Sista, ke 'yar ina ce?"

"San Fernando, a tsibirin Trinidad. Alhaji, ƙafarka na ruɓewa kana tambayar gari?"

"Faɗa mini dai."

Ta ce gari ne a gindin tudu, yana kallon teku. Rake ne ya raya shi. Kakanninta bayi ne da aka kwaso daga wajenmu. Da aka 'yanta su, sai aka ɗebo mutanen Indiya suka karɓi aikin gonakin, shi ya sa akwai coci, akwai masallaci, akwai ɗakin bautar Hindu. Daga baya aka kafa matatar man fetur kusa da su.

"Yanzu kuɗi sun zo kamar naku. Kowa da mota, titin kuwa yana nan yadda yake."

"To me ya fito da ke?"

"Famfo kan kwana ba ruwa. Aiki a matatar man sai kana da wani. Kasuwarmu ɗaya da Indiyawa, amma in zaɓe ya zo ko gaisuwa ta yi wuya." Ta tura mini biro. "Ka gama yi mini tambayar suruki?"

Na sa hannu. Ana tura ni ɗakin tiyata ina kalmar shahada, ina damƙe da gwiwata.

Da na farka na kasa duba ƙasa. Rufi na yi ta kallo har ta zo.

"Sista, daga ina aka yanke?"

Ta yaye bargon. Ga gwiwa, ga ƙwauri, ga diddige cikin bandeji. Sai a lokacin kuka ya zo mini.