Abincin rana a watan azumi

Har yau ban manta da ranar da na ci tuwo da tsakar rana a falon mutane cikin watan Ramadan ba. 'Yata ce ke rubuta mini wannan, don ni ban yi boko ba. Ina so ku masu shigowa aikin raino ku ji.

A ƙasar waje, garin Germantown, nake aiki lokacin, gidan Hajiya Rabi. Shekarar ce maigidana Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ko yanzu da na ambace shi sai da na share ido.

Babbar 'yar gidan, Nabila, tana da shekara goma sha huɗu. Gab da azumi likita ya ce gyambon ciki gare ta, wata ƙwayar cuta ce ta kawo shi. Ya rubuta magani, ya ce a sha bayan an ci abinci, kuma kada ta yi azumi sai ta warke. Iyayen suna fita aiki da sassafe, makaranta kuma ana hutu, don haka abincin ranarta da maganinta suna hannuna.

Kullum sai ta ɗauki faranti ta hau sama, ta dawo da shi wayam. Amma tana ramewa, tana tafiya a duƙe. Ran nan na tarar da ita dafe da ciki, leɓenta a bushe.

Na ce, "Uwar ɗakina, azumi kike yi a ɓoye?"

Da Hausarta mai ɗingishi ta ce, "Iya, kowa yana yi. Ƙawayena suna yi. Ke ma tsohuwa kina yi. Ni kaɗai ce raguwa?"

Ni kuwa ciwon suga ya daɗe da hana ni azumi, ciyarwa nake yi. Sai dai irin tarbiyyarmu, mai uzuri ba ya ci a idon mutane. A ɗakin wanki nake ɓuya in ci.

Na je na zubo tuwo da miyar kuɓewa marar yaji, na ajiye a tsakiyar falo, na yi bisimilla. Kunya kamar ta kashe ni, amma na ci.

Ta zaro ido. "Iya, Allah yana ganinki."

Na ce, "A ɗakin wanki ma yana ganina. Shi ya ba marar lafiya rangwame. Wanko hannu."

Ta daɗe a tsaye kafin ta zauna. Ta ci, ta sha magani. Da yamma na gaya wa uwarta komai, don irin wannan ba a ɓoye wa iyaye. Haka muka riƙa ci tare har ta gama maganin, likita ya sake dubawa ya ce gyambon ya warke.

Na gane a aikin nan yaro ba maganarki yake bi ba, abin da ya ga kina yi yake bi. In kina so ya ci, zauna ki ci.